Kan silindar tsohuwar Honda CG125 ya ƙi fita, ina neman shawara

Assalamu alaikum iyayen gidana makanikai. Akwai tsohuwar mashin Honda CG125 ta mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, da nake son tayarwa a nan Maradi. Ta daɗe jingine a zaure, damina ta yi ta dukanta ta inda rufi ke yoyo. Na kwance salansa da kafireto, na cire murfin sama da buji, na kwance notin da ke riƙe kan silinda, amma ko motsi ya ƙi yi.

Zatona tsatsa ce ta haɗe ƙarfen sandunan da ake ɗaura notin a kansu da alminiyon kan silindar, domin wani farin gari kamar toka ya cika bakin ramukan. Na jiƙa su da kananzir da man birki, na bubbuga da gudumar roba. Sukundireba kam ba zan cusa wajen gaskit ba, in fuskar ta karce ta tafi kenan. Fukafukan sanyaya injin ma ba su jure duka, kuma samun kan silinda na asali sai an sha wuya ko a Katsina ko Kano.

Wani ya ce a zura igiya ta ramin buji, a juya injin, fistan ya turo kan daga ciki. Fistan ɗin yana motsi, amma ina tsoron kada bawul ya lanƙwashe. Akwai wanda ya taɓa gwadawa? In kuma wuta za a sa, ina za a ɗumama, har zuwa wane zafi? Ko akwai wani ɓoyayyen noti a gefe da ya kamata in duba? Don Allah ku taimaka.