Wasan bayan Sallah: wane tikiti ya fi, kuma ta ina ake ganin mawaƙi?

Autan Zaure: Salamu alaikum manyanmu. Wasan nan na bayan Sallah da aka liƙa afish ɗinsa, wato takardar talla, a bakin Kasuwar Dole nan Damagaram, tikiti iri biyu ne, na jika biyu (sefa 2,000) da na jika biyar (sefa 5,000). Wanne ya fi? Sannan ta yaya mutum zai samu ya gaisa da mawaƙin, ko hoto ɗaya ne, ba tare da masu gadi sun hankaɗe shi ba?

Ɗan Birni: Wa alaikumus salam. Gidan al'adu za a yi ko filin kokawa?

Autan Zaure: Filin kokawa suka rubuta, Yaya. Ƙarfe 8 na dare.

Ɗan Birni: Takwas ta afish ke nan. Ka ci tuwonka a natse.

Mai Sono: Auta, in kunne za ka kai, riƙe jika ukunka. Kujerun manya ana jera su ne a gaban dandamali, daidai ƙarƙashin baful, wato manyan lasifika, wurin da sauti ya fi muni. Baful na hagu na dukan kunne ɗaya, na dama bai iso ka ba, gangar ƙasa, wato sautin nan mai kauri, tana buga maka ƙirji, muryar kuma ta wuce ta saman kanka. Kuɗin a gan ka ne kake biya. Nemi inda teburin miksa yake, wato na'urar haɗa sauti, galibi a tsakiyar fili, taku 25 zuwa 35 daga dandamali. Mai haɗa sauti da kunnensa yake aiki, abin da ya ji a inda yake tsaye shi yake gyarawa, don haka duk filin babu inda ya kai gefensa daɗi. Tsaya bayansa kaɗan, kada ka jingina da teburin, kada ka taka waya. Matakalar can sama kuma ka bar ta, siminti yana maido da amo, sai ka ji kowace kalma sau biyu.

Ƴar Zengo: Malam Mai Sono, kai namiji ne shi ya sa. Mace ba ta tsayuwa tsakiyar samari awa huɗu. Na jika biyar akwai kujera, akwai shinge, ƙofar shiga daban. Ga wanda zai je da mata ko ƙanne wannan ba almubazzaranci ba ne.

Mai Sono: Gaskiyarki Hajiya. To ku zaɓi layin baya na kujerun, ta tsakiya, ba gefe ba. Ma'aunin da ake bi shi ne kunne yana ɗaukar desibel 85 na awa 8, duk ƙarin 3 kuma sai a raba lokacin biyu, in an kai 100 minti 15 ya rage. Gindin baful a irin wannan wasa yana kai 100 har ya wuce. A buɗaɗɗen fili duk lokacin da kika ninka tazararki da baful ƙarar tana sauka da kamar 6. Wanda ya tashi da safe kunnensa na ƙugi, kunnen ya ji jiki ke nan. Akwai abin toshe kunne na soso a farmasi, ya fi auduga nesa ba kusa ba. Jarirai kuwa a bar su gida.

Bafillacen Zaure: Babarbare ai ba ya buƙatar toshe kunne, dama can ba ya jin magana.

Babarbaren Asali: Ji wanda ke zuwa wasa da sanda a kafaɗa. A ƙofa za su karɓe ta, ka koma gida ba tsaro.

Kawu Mai Rediyo: Ni tambayata ɗaya: waƙa zai yi ko motsa baki? Yaran nan mutum ya biya kuɗi ya je ya saurari abin da ke cikin wayarsa.

Ɗan Birni: Kawu rabonka da wasa tun bikin Zinder Sabuwa a 2018, bar mu mu huta.

Mai Sono: Tambayar Kawu tana kan hanya. Iri uku ne. Akwai pilebak zalla, murya da kiɗa duk daga kwamfuta, mikro a rufe ko an yi ƙasa da shi. Akwai rabi da rabi, kiɗa da amshi daga kwamfuta, shi kuma yana ɗora muryarsa a kai, wannan shi ya fi yawa ga masu zuwa daga Kano. Sai na ƙwarai, da makaɗa a dandamali. Ganewa ba wuya. Ƙirga mutanen da ke sama: in daga shi sai mai kwamfuta, ka san inda aka dosa. Duba lokacin da ya miƙa mikro ga jama'a ko ya sunkuya karɓar kuɗi, in muryar ba ta ragu ba, faifai ne. Mai waƙa da bakinsa za ka ji numfashinsa bayan ya yi rawa, kuma yana iya tsai da kiɗa ya ambaci wani ya koma inda ya tsaya. Amma kada wanda ke nesa ya yanke hukunci don ya ga baki da murya ba su haɗu ba. Sauti na tafiyar mita 340 a daƙiƙa, wanda ke mita 100 sai ya ji shi a makare da kusan sulusin daƙiƙa ko da waƙar gaskiya ce.

Kawu Mai Rediyo: To shi ke nan, a rubuta a afish ɗin wane iri ne, kowa ya san abin da ya saya.

Ɗan Tudun Jamus: Kawu makaɗa takwas mota guda ne, ga masauki, ga abinci, ga takardun kaya a iyaka. A tikitin jika biyu ba ta fita.

Tsohon Mai Shirya Wasa: Ku bar maganar kujera tukuna, ku fara tabbatar da wasan zai yiwu. Mai wannan sana'a ya ƙone sau da yawa kafin ya gane, don haka ku ji.

Afish ba shaida ba ce, kowa na iya buga hoton mawaƙi. Shaida ita ce bidiyo a shafin mawaƙin kansa, na Facebook ko TikTok, da bakinsa ya ce Damagaram, ya faɗi rana. In babu wannan kwana uku kafin wasa, kada ka sayi tikitin gaba, jira ƙofa.

Abin da ke jawo jinkiri ba raini ba ne kullum. Yadda aka saba, ana ba mawaƙi rabin kuɗinsa kafin ya taso, cikon kuma kafin ya hau dandamali. Mai shiri mara jari da kuɗin ƙofa yake cikawa. Shi ya sa za ku ga yaran gari suna ta hawa ɗaya bayan ɗaya har sha ɗaya ta wuce, ana can baya ana ƙirga. In kuɗin bai cika ba manaja ba zai fito da shi daga otel ba, ko ya fito ya yi waƙa uku ya sauka. Nan kujeru ke fara tashi sama. Da kun ga mai gabatarwa ya ce "yana hanya" sau uku, kuma ƴan sanda sun fara matsowa gaban dandamali, ku ja mata da yara zuwa bakin ƙofa tun kafin a ruɗe. Ga kuma hanya: daga Kano ta Daura, Ɗan Barto, Matamaye, kilomita 240 ne da ɗan wani abu, amma tsayuwar iyaka ba ta da agogo. Wanda bai kwana a gari ba, kada ku sa rai da shi da wuri.

Sai wuta. Ku leƙa filin da la'asar. In ba ku ga gurup, wato janareta, a ajiye ba, da jarkokin gazuwal kusa da shi, to da wutar gari aka dogara, kuma a watannin zafi wannan caca ce. In gurup ɗin ƙarami ne aka haɗa masa fitilu da sono a layi ɗaya, duk lokacin da gangar ƙasa ta buga fitilu za su dushe, na'urar ƙara sauti ta yi zafi ta kashe kanta. Wannan gurnanin da kuke ji a baful ba ya yankewa, yawanci daga haɗa layin ne ko rashin wayar ƙasa.

Tikiti kuma: a saya inda aka ambata a sanarwa, a duba lamba da hatimi. Masu yawo da shi a hannu suna rage dala ɗari (sefa 500), rabinsu hoto ne aka buga. In an yaga a ƙofa ka riƙe guntun, shi kaɗai ne hujjarka in wasa ya watse, ko da yake maido kuɗi sai wanda Allah ya ciyar.

Ƴar Zengo: Allah ya saka da alheri Alhaji. Wannan a kafe shi a saman zaure.

Mai Kabu-kabu: Ku shirya da mai ɗaukarku tun da rana, ku ajiye wurin haɗuwa nesa da ƙofa kaɗan. Ƙarfe ɗaya na dare kuɗin rana ba ya aiki, ni ma ba na karɓa.

Babarbaren Asali: Ka ji ɓarawo yana ba da shawarar tsaro.

Mai Kabu-kabu: Esans kake saya mini?

Autan Zaure: Na gode. Saura maganar gaisawar.

Mai Sono: Lokacin balans, wato gwajin sauti, tsakanin la'asar da magariba. Fili babu kowa, masu gadi ba su ɗaure fuska ba tukuna. Wanda ke da makaɗa dole ya zo, mai kwamfuta wani lokaci yaronsa yake aikowa, sai ka yi haƙuri. Kada ka tunkare shi kai tsaye. Nemi manaja, shi ne mai waya biyu a hannu yana ta kai da kawowa, ka yi sallama ka ce hoto ɗaya kake so in an gama. Ku zo ku biyu, ba fada guda ba. Kyamara a buɗe take tun kafin a kira ka, ka ba abokinka wayar, rana ta kasance bayan mai ɗauka. Minti ɗaya ka gode ka matsa. Kada ka nemi lambarsa. In kana waƙa, kile ɗinka, wato filas ɗin da ka zuba waƙar, manaja za ka ba, da suna da lamba a takarda, ba ka tsai da mutum ka rera masa baiti shida ba. Mafi munin lokaci shi ne bayan ya sauka: murya ta dushe, riga ta jiƙe, mota a kunne, masu gadi kuma aikinsu ke nan su ture.

Ɗan Tudun Jamus: Akwai kuma ƙofar gidan rediyo da safen ranar, in za su yi hirar talla. Can ma ana dacewa.

Ɗan Birni: Baƙi da yawa kan kai gaisuwa fadar Sarki. Amma nan ba wurin bin mutum da waya ba ne, dogarai ba su san mawaƙi ba balle masoyinsa.

Makaɗin Kalangu: Duk wannan na ƴan zamani ne. Wurin makaɗan gargajiya ƙofar ita ce sanƙira. Shi za ka ja gefe ka gaya masa sunanka, sunan mahaifinka, unguwarku da sana'arka, ka ɗan sa masa wani abu a hannu, shi zai cusa ka cikin waƙa a inda ya dace. Gaisuwa kuma a gida ake kai wa sarkin kiɗa, da hantsi, a cire takalmi a durƙusa kamar kowane dattijo, da ɗan goro. Abu biyu ne ba ma so: a tsallake kayan kiɗa, ko a ɗauki kalangu a matsa tsarkiya don wasa. Fatar siririya ce, matsa ɗaya ta rashin sani ta fashe ta. In kun ga ana kara ganga kusa da garwashi kafin a fara, raɓa ce ta sa fatar ta saki, zafi ke ɗaure ta. Da hunturu kuwa bushewa ce matsalar.

Kawu Mai Rediyo: Yauwa, ga masu kiɗa. Gurumi da goge ba na filin kokawa ba ne, ɗakin gidan al'adu suke so inda za a ji yatsa a kan tsarkiya. Marigayi Malam Maman Barka, ɗan Tesker ne nan jiharmu, ya rasu a 2018. Biram, abin kiɗan da ya ɗauko daga ƙabilar Buduma ta tafkin Cadi, tsarkiya biyar gare shi, jikinsa kamar kwalekwale. Irin wannan in aka tura shi cikin baful goma an kashe shi.

Ɗan Tudun Jamus: Allah ya jiƙansa. Amma Kawu Auta rawa zai je.

Ƴar Zengo: Masu liƙi ku yi canji tun da rana, takardar dala ɗari ita ce ƙarama, daren wasa ba a samunta. Kada a jefa sulalla, suna fasa goshi. Kuma jaka a gaba, waya ba a aljihun baya ba, turmutsutsun ƙofa wajen fita nan ake zare ta.

Mai Sono: In ka hau liƙi kada ka tsaya tsakaninsa da ƙaramin baful ɗin da ke ƙasa yana kallonsa, da shi yake jin kansa. Kada kuma ka kama kan mikro ka yi ihu, wannan kukan mai huda kunne daga nan yake zuwa. Masu ɗaukar bidiyo kusa da baful, sautin zai fito a farfashe, wayar ba ta iya ɗauka. A 1080 ya isa, 4K cinye wuri kawai yake yi cikin duhu.

Bafillacen Zaure: Naira ake liƙa masa ko sefa, tunda Bakano ne?

Babarbaren Asali: Kai dai kawo ɗan maraƙi, ya fi duka.

Makaɗin Kalangu: Sefa. Ba mawaƙin da ya taɓa maido ta.

Autan Zaure: To a taƙaice na jika biyu zan saya ke nan?

Ƴar Zengo: In da ƙanwarka za ka, na biyar.

Tsohon Mai Shirya Wasa: Kada ka sayi ko ɗaya sai ka ga bidiyon.

Ɗan Birni: Na duba shafinsa yanzu, tallar shadda ce a sama.