Wa ya taɓa cire dirom ɗin birkin baya na Hilux ya sa dis? Ku ba mu labari

Mai Hilux na Dawanau:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da Hilux Vigo 2010, hatsi nake ɗaukowa daga ƙauyukan Ɗambatta zuwa Dawanau, kuma wallahi birkin baya ya ishe ni. Duk damina sai laka ta shige cikin dirom ta cinye shu, wato abin da ke gogar dirom daga ciki in an taka birki, in na tsallake ruwa kuwa sai na taka biyu uku kafin ta kama. Wani yaro a gareji ya ce in cire dirom ɗin a sa min dis irin na gaba in huta. Kafin in zuba kuɗina ina son wanda ya yi a motarsa ya faɗa min gaskiya, ban da wai-wai don Allah.

Direban Gembu:
Wa alaikumus salam. Ni na yi, shekara biyu kenan. Duk wanda ya san gangaren Mambila daga Maisamari zuwa Mayo Selbe ya san abin da nake nufi, kana saukowa da lodi kafin ka kai rabi ka fara jin ƙauri, feda ta yi laushi kamar ka taka burodi, saboda dirom rufaffe ne zafi ba ya samun hanyar fita. Kayan Prado 120 na Beljiyam aka sa min, da ma su biyun ƙusar taya shida ne. Amma ranar farko na yi da na sani, feda sai ta kusa taɓa ƙasa sannan motar ta tsaya, muka cire iska har sau uku a banza, ashe kalifa, wato abin da ke matse dis, ya fi ɗan silindan dirom shan man birki, masta ɗin da ke turo man in ka taka feda ce ta yi masa kaɗan. Da aka canja masta magana ta ƙare. Yanzu canjin fad, wato abin da ke gogar dis, minti ashirin ne a gindin bishiya, kuma da ido kake ganin ya cinye ko da saura. Amma fa har gobe da giya ta biyu nake saukowa, dis ba laya ba ce.

Ɗan Jos:
Hmm Alhaji ka tambayi mai aikin maganar birkin hannu tun kafin ya kwance ƙusa ɗaya. Ni nawa kalifan gaban wata mota aka ɗauko aka yi wa birakit da walda, sai da aka gama aka ce min ai birkin hannu babu inda za a haɗa waya. Wata huɗu ina yawo da weji, duk inda na tsaya yaron mota ya diro da gudu ya cusa a taya. Ran nan a wata gangara na bar ta a giya na shiga sallah, ina cikin raka'a ta biyu na ji ana salati a waje, ta sulale ta je ta rungumi katangar mutane. Allah ya tsare babu yara a wurin. Na biya gyaran katanga na kuma mayar da dirom ɗina.

Direban Gembu:
Subhanallah. Shi ya sa na zaɓi na Prado ɗan uwa, shi akwai ƙananan shu a cikin tsakiyar dis ɗin na birkin hannu kawai.

Baba Bakanike Panteka:
Yarana ku ji. Na yi wa mutane wannan aikin kuma na kwance wa wasu. Birkin gaba shi ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayar da mota, don idan ka taka nauyi gaba yake tafiya, na baya taimako ne. A-kori-kura kuma bayanta yau buhu goma sha biyar gobe wayam, shi ya sa Toyota suka sa wani bawul a ƙarƙashi kusa da aksil na baya, da ɗan sanda da sifirin, idan lodi ya danne motar ya ƙara wa baya ƙarfin mai, idan babu kaya ya rage. Masu sa dis da yawa sai su cire shi su jona fayif kai tsaye. Wani kwastoma na haka aka yi masa, ya sauke kaya yana dawowa an yi yayyafi, ya taka birki a kwana ƙafafun baya suka ƙulle kafin na gaba, motar ta juya ta kalli inda ta fito. Sannan birakit na walda ni ba na yarda da shi ko na ɗana ne ya yi, a yanko shi daga ƙarfe mai kauri a ɗaure da ƙusa.

Kai kuma Alhaji na Dawanau, yaushe rabonka da canja man birki gaba ɗaya, ba ciko ba? Man nan yana zuƙar ruwa daga iska, in ya tsufa da ya ɗau zafi sai ya tafasa. Ka zubar ka sa DOT 4 sabo. Kuma ka ƙara ganyen sifirin a baya ko?

Mai Ruwan Leda:
Ni abin da ya ci min kuɗi wili ne. Nawa inci 15 ne, kalifa ya riƙa gogar cikinsa, dole na sayi 16 guda biyar har da tayoyi. Ba wanda ya faɗa min wannan a farko.

Mai Hilux na Dawanau:
Baba wallahi kamar kana wurin. Ganye biyu biyu na ƙara bara saboda lodi. Ɗazu na shiga ƙarƙashinta da fitilar waya, sandan bawul ɗin ya yi tsatsa laka ta bushe a kai ko motsi ba ya yi. Man birki kuwa baƙi ƙirin, ni dai tun da na saye ta ciko nake yi.

Baba Bakanike Panteka:
To ka gani. Da ka ƙara ganye motar ta daina zama ƙasa, bawul yana ɗauka babu kaya ko da ka cika ta. A wanke shi a saita, a sa shu mai kyau, ka yi sati biyu da lodi ka dawo ka ba mu labari.

Mai Hilux na Dawanau:
In sha Allah Baba, gobe da safe zan leƙa Ƙofar Ruwa. Malam na Gembu, duk da haka ka turo min hoton yadda aka haɗa maka wayar birkin hannun, don maganar lakar nan tana nan.