Abokin aikina ya kwashe kayana a biro: sata ce ko tsintuwa?

Assalamu alaikum. Malamai da masana doka, ina neman haske.

Ina aiki a wani biro a nan Damagaram. Da zan tafi hutu na bar cajar waya, darduma da ƙaramar rediyo a aljihun teburina, ban kulle ba. Na dawo babu su. Ashe abokin aikina ne ya kai gida, mutumin da ya girme ni, Yaya ma nake ce masa. Ya ce ya zaci na yar da su ne. Ya maido darduma da caja, rediyon kuwa wai ya ba ƙaninsa. Ta mahaifina ce, Allah ya jiƙansa, ba kuɗinta ne ya dame ni ba.

A iya sanina, tsintuwa ita ce abin da ba a san mai shi ba, ana cigiyarsa shekara guda. Shi kuwa ya san teburin wane ne, yana da lambata. Amma wani ya ce mini tunda ban kulle ba, ba a kiranta sata. To mene ne sunanta a shari'a? Wajibi ne ya karɓo rediyon ko ya biya?

Kuma in kai maganar wajen shugabanmu, ko in sa dattijo tsakani? Ba na son ta kai kwamisariya, kullum tare muke sallar azahar.