Yaya ake rubuta labarin Damagaram da ta sasanta da ƙasarta?

Sani, Zango:
Assalamu alaikum. Ina rubuta ƙagaggen labari a kan Damagaram ta shekarar 2080, lokacin da wutar gari duka ke fitowa daga hasken rana, an rufe matatar mai ta SORAZ, kuma babu leda ko ɗaya a magudanan unguwannin Birni da Zango. Abin da ya dame ni shi ne, da zarar na gyara komai sai labarin ya mutu, domin mai karatu ba ya bin mutanen da babu abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya. Ina roƙon magabata su nuna mini yadda ake rubuta irin wannan al'umma har a gaskata ta.

Malam Isuhu, Matamaye:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ka tafi nesa neman abin da ke bayan gidanku. Ka bi hanyar Matamaye zuwa Magarya da rani, ka dubi gawon da ya cika gonaki. Bayan farin 1973 da na 1984 yawancin gonakin nan sun zama fili fetal, sai manoma suka daina sare tsiron da ke fitowa da kansa, suna rage masa rassa suna barin mai ƙarfi ya tashi, har masu bincike suka ƙiyasta cewa hekta miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar, da itatuwa kusan miliyan 200. Gawo yana kaɗe ganyensa da damina, hatsi ya samu rana da taki a gindinsa, da rani kuma ya yi kore, awaki su ci ƴaƴansa.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne dalilin. Manomi bai bar itace ya girma ba sai da ya tabbata nasa ne, ba na ƴan gandun daji ba. To ranar da ya waye gari ya tarar an datse masa rassan gawon da ya rena shekara goma, gaban wa zai kai ƙara a garin naka, kuma wane hukunci za a yanke? Labarinka yana cikin wannan shari'ar.

Hajiya Rabi, Sabon Gari:
Malam ya yi magana, amma ni ban yarda da rufe matatar nan a shafi guda ba. Tun da ta fara aiki a 2011 take fitar da gas ɗin girki, kuma kowace tukunyar gas itacen da ba a saro ba ce. Idan ka rufe ta, ƙanena, sai ka gaya mini da me za a tuƙa tuwon gida mai mutum ashirin bayan magariba, lokacin da rana ta faɗi.

Sannan ruwa. Garin nan a kan dutse yake zaune, kuma ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da suka sa Turawan Faransa suka ɗauke babban birnin Nijar daga nan suka mayar da shi Yamai a 1926. Har yau yarinya takan jera jarkokinta a bakin famfo tun kafin asuba, ta ɗora dutse a kan na gaba don kada a tsallake ta. Duk labarin da bai nuna mini daga ina ruwa yake zuwa, wa ke raba shi, wa ke samu a ƙarshe ba, ba zan gaskata shi ba ko da ya cika da lambuna.

Sani, Zango:
Na gode, Malam, na gode, Yaya. Zan bar matatar tana aiki a farkon labarin, rufe ta ya zama abin da gari ke jayayya a kai.

Ardo Buba, Tanut:
Ka sa makiyayi a cikin masu jayayyar. Idan gonaki suka cika da itatuwa har suka haɗiye burtali, shanun da ke gangarowa kudu bayan girbi ba su da hanyar bi, kuma kashinsu ne yake baza irin gawon da Malam yake yabo.