Me ya sa ake rabawa da 4 alhali shaguna 5 ne?

Assalamu alaikum 'yan uwa ɗalibai na Madina, musamman waɗanda suka riga mu karanta ihsa'i, wato ilimin ƙididdiga. Wani lissafi ya tsaya mini a wuya.

An ba mu aikin gida: mu tambayi farashin kilo ɗaya na dabinon Ajwa a shaguna biyar. Na samu riyal 40, 45, 50, 55 da 60. Matsakaici 50 ne, wannan ba gardama. Sai inhirafu mi'iyari (standard deviation), wato ma'aunin yadda farashin suka yi nisa da matsakaici. Na cire 50 daga kowane farashi, na ninka kowane bambanci da kansa: 100, 25, 0, 25, 100, jimla 250. Na raba da 5, ya ba ni 50, tushensa (square root) 7.07. Abokin ɗakina ya raba da 4, ya samu 62.5, tushensa 7.91. A manhajar Excel ma ƙa'idoji biyu ne na wannan lissafi: STDEV.P ta goyi bayana, STDEV.S ta goyi bayansa.

Ya ce tunda samfuri na ɗauka, ba duk shagunan Madina ba, dole a rage ɗaya daga adadin shagunan kafin a raba. Na ji, amma don me ɗaya, ba biyu ba? Haddace ƙa'ida ba tare da dalili ba bai kwanta mini ba.

Kuma duk shagunan nan a kusa da Harami suke, inda alhazai ke cika kasuwa. Rage ɗayan zai gyara wannan, ko sai na sake zaɓen shaguna ta ƙuri'a?

Don Allah wanda ya gane ya warware mini kafin Lahadi. Allah ya saka da alheri.