some() ko for: wanne zan miƙa wa mai shago?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum. Ina haɗa wa wani mai shagon magani manhaja da yaren rubuta manhaja na JavaScript. Kafin a buga rasit, so nake a duba ko akwai maganin da wa'adinsa ya ƙare a cikin jerin, ko da guda ɗaya ne. Na yi da `some()`, umarnin da ke duba ko wani abu a jeri ya cika sharaɗi, ogana ya ce in goge in koma `for`, wanda da shi ake bin jeri ɗaya bayan ɗaya. Jibi zan miƙa aikin. Wa `some()` ta taɓa ba wa matsala?

Hajjo: Wa'alaikumus salam. Bar shi haka, ƙanina. Da ta ci karo da na farkon da ya cika sharaɗi take tsayawa, ta ba ka `true`. In jerin ba komai a ciki kuma, ta ba ka `false`. Tun ES5, fitowar JavaScript ta 2009, ake amfani da ita.

Bazazzagi: `any()` kawai, an gama.

Ɗan Fagge: Malam, wannan ai ta yaren Python ce, ba JavaScript ba.

Baban Ummi: Ni ta ja min asara. Aikin wata makaranta na gada, wanda ya riga ni ya cusa `async`, wato aikin da sai an jira amsarsa, cikin `some()` don gano masu bashin kuɗin makaranta. Shi kuwa `async` Promise yake dawowa da shi, wato alkawarin amsa daga baya, ita `some()` ba ta jira, tana ganinsa sai ta ɗauka `true` ne. Ranar karɓar sakamako yara kaf suka fito da bashi, har waɗanda iyayensu ke tsaye da rasit a hannu. Mai makarantar ya wanke ni tas a gaban jama'a, cikon dubu 80 ɗina kuma har yau shiru.

Hajjo: Allah ya mayar da alheri, Baba, amma nasa ba `async` a ciki.

Bazazzagi: Ciko kaɗai dubu 80? Ni dubu 60 nake yin aikin duka.

Mai Rake: Ku ne masu karya mana kasuwa. Ƙasa da dubu 300 ba na ko buɗe kwamfuta.

Baban Ummi: Yaro, bi maganar oganka. Ya riga ka ganin rana, ba a YouTube ya koya ba.

Hajjo: To ogan ya faɗi dalili mana. Daɗewa ba hujja ba ce.

Mai Rake: A sa `some()` ta duba masu cin bashi a layinmu, wallahi gidan farko za ta tsaya.

Bazazzagi: Ni abin da ke ci min rai, ka sayi data, ka zuba wa janareta mai, ka kwana kana aiki, sai mutum ya ce "ai danne-danne ne kawai". Kuna karɓar rabi kafin ku fara, ko sai an gama?

Baban Ummi: Rabi? Wani ko kafin alƙalami ba ya bayarwa.