Gansakuka a kan rufin kwalta: abin da masu gidaje suka ce

A Amurka, inda yawancin gidaje ke da rufin fallayen kwalta masu ƙananan tsakuwoyi, masu gidaje da ma'aikatan rufi sun yi ta musayar shawara kan baƙin zanen da ke gangarowa a kan rufi. Ba datti ba ne, wata ƙwayar halitta ce mai suna Gloeocapsa magma, wadda ke son danshi, musamman a ɓangaren arewa da rana ba ta cika dukansa ba.

Abin da kusan kowa ya hana shi ne wanke rufin da injin feshin ruwa mai ƙarfi. Yana kankare tsakuwoyin, sai ka wanke rufi ka rage masa kwana. Gara a haɗa bilic da ruwa rabi da rabi, a fesa, a bari minti 15 zuwa 20, sannan a ɗauraye a hankali. A fara jiƙa shukokin ƙasa da ruwa zalla, in ba haka ba su ƙone. Kuma kada a kuskura a haɗa bilic da amoniya.

Gansakuka ta fi baƙin zanen muni, don tana ɗaga bakin fallen ruwa ya shige. Maganin dawowarta: sare rassan da ke yi wa rufi inuwa, a kafa siririn jan ƙarfe ko tutiya a ƙarƙashin tsororuwa.